Na rage maganin barci, zuciyata ta ƙi kwanciya: me zan sha?

Assalamu alaikum Anti. Ni mace ce 'yar shekara 41. Shekara biyu ke nan ina shan alprazolam, rabin miligiram da safe, rabin miligiram da dare. Likita ne ya ɗora ni a kansa lokacin da damuwa da rashin barci suka sako ni gaba bayan rasuwar mahaifiyata. Ina kuma shan lisinopril saboda hawan jini. Kwanakin baya tsoro ya kama ni kada maganin ya zame mini jiki, sai na fara ragewa da kaina. Cikin kwana goma na sauko daga ƙwaya biyu a rana zuwa rabin ƙwaya. Tun daga nan zuciyata ba ta huta ba. Na'urar awon jinina tana nuna bugu 112, wani lokaci 120, alhali ina zaune. Da dare in na ɗora kai a filo ina jin bugun cikin kunnena, hannuna na rawa, ga gumi. Wata ƙawata ta ce in sha magnesiyam da fotasiyam, na kuma karanta a intanet cewa ashwagandha da St John's wort suna kwantar da zuciya. Na riga na saye su duka, ban dai fara ba. So nake in yar da rabin ƙwayar nan a makon nan in huta. Kunyar komawa wurin likitan nake yi, don ban faɗa masa na rage ba. Wanne zan fara sha, kuma nawa?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya jiƙan mahaifiyarki, ya kai haske kabarinta, ke kuma ya ba ki lafiya.

Kafin komai, don Allah kada ki yar da rabin ƙwayar nan. Ki ci gaba da shan ta yadda kike sha, kada ki ƙara rage ko ɗan ɓari, kwalaben da kika saya kuma ki bar su a rufe. Ki nemi ganin likita yau, in ya gagara gobe da safe. Na san ba wannan kika tambaya ba, kin tambayi wanne za ki fara sha. Amsar ita ce babu ko ɗaya a cikinsu da zai yi miki aikin da kike nema, biyu daga ciki ma suna iya jawo miki abin da ya fi bugun zuciyar muni.

Niyyarki mai kyau ce. Mutumin da ya yi shekara biyu kan irin wannan magani yana da gaskiya in ya so rabuwa da shi, kuma da yawa sun rabu da shi lafiya. Saurin da kika yi ne ya kawo matsalar. Alprazolam ɗan gidan magungunan da ake kira benzodiazepine ne, su diazepam da lorazepam da bromazepam. Aikinsu shi ne ƙarfafa wani sinadari na ƙwaƙwalwa mai suna GABA, wanda yake kamar birki ga jijiyoyi. Idan magani ya daɗe yana taka wa ƙwaƙwalwa birki, sai ta sassauta nata birkin, ta dogara da na maganin. Ranar da aka janye ƙafa farat ɗaya, nata bai gama dawowa ba, sai komai ya kama gudu: zuciya ta yi sauri, jini ya hau, hannu ya yi rawa, gumi ya karyo, barci ya ƙaurace, ƙaramar ƙara ta firgita mutum. Duk abin da kika lissafa yana cikin wannan jerin. Wannan ba ya nufin ke 'yar ƙwaya ce. Jiki ne ya saba, kuma yana faruwa ga wanda bai taɓa wuce ƙa'idar likita ba ko sau ɗaya. Shi ya sa a shekarar 2020 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sa aka sabunta babban gargaɗin da ke jikin takardar duk magungunan wannan gida, aka rubuta ɓaro-ɓaro cewa daina su kwatsam ko rage su da sauri na iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, wadda kan kai ga rasa rai.

Duba lissafin da kanki. Daga miligiram 1 a rana kin koma rubu'in miligiram, wato kin zubar da kashi 75 cikin ɗari a kwana goma. Jagorar da ƙungiyoyin likitoci na Amurka suka fitar tare a 2025 ta ce a fara da rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari duk mako biyu zuwa huɗu, kuma galibi kada a wuce kashi 25 a mako biyu. Abin da ake yi cikin watanni kika yi cikin kwanaki. Ga shi kuma alprazolam ba ya daɗewa a jiki, cikin kimanin awa 11 zuwa 12 rabinsa ya fita daga jini, don haka janyewarsa ta fi ta 'yan'uwansa kaifi. Jijjigar nan ita ce abin da ya fi damuna a wasiƙarki, fiye da lambar da na'ura ke nuna miki. Ko da ace akwai ƙwayar da za ta sauko da bugun zuciyarki daga 120 zuwa 80 a daren yau, ba za ta taɓa haɗarin jijjigar ba. Sai dai ma ta sa ki ji kamar komai ya daidaita, ki yar da sauran rabin da ƙarfin gwiwa.

Yanzu bari mu duba kayan da kika saya ɗaya bayan ɗaya, domin kin cancanci ki san dalili.

Fotasiyam shi ne wanda nake roƙonki ki ɗauke daga inda hannunki zai kai. Ƙawarki ba ta yi ƙarya ba da ta ce yana da alaƙa da bugun zuciya, ƙarancinsa yana hargitsa bugun. To amma yawansa ma yana hargitsa shi, har ya tsayar da zuciyar gaba ɗaya. Tazarar da jiki ke amincewa da ita ƙarama ce ƙwarai, kimanin 3.5 zuwa 5 a ma'aunin gwajin jini. Ke kuma kina shan lisinopril, wanda ɗaya daga cikin halayensa shi ne sa ƙoda ta riƙe fotasiyam maimakon ta zubar da shi a fitsari. Haka losartan da spironolactone suke yi. Wanda ke kan irin waɗannan magunguna ya ƙara fotasiyam da ka, ba tare da gwaji ba, yana iya haura iyaka bai sani ba, domin sau da yawa yawansa ba ya ba da wata alama sai ya yi nisa. Ba wanda ya isa ya kalli mutum ya ce fotasiyam ɗinsa ya yi ƙasa, sai an ɗebi jini an auna.

St John's wort kuwa, a halin da kike ciki, kishiyar abin da kike nema zai yi miki. Ganye ne da ke zaburar da hanta ta riƙa narkar da wasu magunguna da sauri, kuma alprazolam yana cikinsu. An gwada wannan a jikin mutane, aka ga bayan mako biyu ana shan ganyen, lokacin da alprazolam ke ɗauka a jini ya ragu da kusan rabi. Ke nan ɗan abin da ya rage yana riƙe da ke ma zai riƙa ficewa da wuri, ki ƙara zurfafa cikin janyewar ba tare da kin rage ko ƙwaya ba. Ban da wannan, yana raunana ƙwayoyin tazarar haihuwa da warfarin mai tsinka jini. Idan kuma aka haɗa shi da magungunan damuwa irin su sertraline da fluoxetine, ko da tramadol, yana iya jawo wani yanayi mai haɗari na yawaitar sinadarin serotonin, wanda alamominsa suka haɗa da zazzaɓi, ruɗewa, karkarwa, da gudun zuciya. Na ambaci wannan ne domin ba mamaki likitanki ya yi tunanin ɗora ki kan ɗaya daga cikin waɗannan magunguna don damuwar da ta sa aka fara ba ki maganin.

Ashwagandha, wani tsiro da ake maganin gargajiya da shi, ya yi suna a 'yan shekarun nan, kuma akwai ƙananan bincike da suka nuna yana ɗan rage jin damuwa ga wasu mutane. Wannan daban, sauko da zuciyar da janyewar magani ta zaburar daban. Abin da ya sa ban so ki taɓa shi yanzu shi ne yana iya ƙara yawan sinadarin da ƙullin tayirod na maƙogwaro ke fitarwa, kuma yawan wannan sinadari yana daga cikin sanannun abubuwan da ke sa zuciya gudu da rawar hannu da gumi. An kuma samu mutanen da hantarsu ta taɓu bayan shansa. Ƙasar Denmak ta hana sayar da shi a 2023. Ki yi tunanin wahalar da za a ba likita idan ya auna jininki ya ga tayirod ya hau: ciwo ne tun asali, ko ganyen ne?

Magnesiyam ne mai sauƙi a cikinsu, kuma shi kaɗai ne nake ganin likita zai iya ce miki ki sha. Idan gwaji ya nuna yana da ƙaranci a jikinki, cike giɓin yana taimaka wa zuciya ta daidaita. Idan ba shi da ƙaranci, ƙari ba ya janye gudun da ƙwaƙwalwa ce ke tura shi. A Amurka an ɗora iyakar abin da baligi zai sha na ƙari a kan miligiram 350 a rana. In aka wuce, abin da ya fi faruwa shi ne zawo, zawo kuma yana ƙarar da ruwan jiki, rashin ruwa yana ƙara wa zuciya sauri. Ga mai ciwon ƙoda kuwa yana taruwa a jini ya zama guba, kuma mai hawan jini ya kamata ya san halin da ƙodarsa ke ciki kafin ya sha. Yana kuma hana hanji tsotse wasu magunguna, irin su ciprofloxacin da doxycycline da levothyroxine, in aka sha su lokaci ɗaya.

Ba ki ambaci man kifi ba, amma zan kawo shi don ki ga girman abin da ake magana a kai. Yana daga cikin 'yan kaɗan da aka auna tasirinsu kan bugun zuciya da kyau, kuma abin da aka samu bai wuce raguwar bugu kamar biyu a minti ba, shi ma bayan makonni ana sha. Ke kuwa bugu talatin ko arba'in kike son saukewa. Wasu kuma za su ce miki ki nemi kava ko phenibut, waɗanda ake sayarwa da sunan kwantar da hankali. Na farkon an san shi da taɓa hanta, na biyun shi kansa jiki yana sabawa da shi kuma janyewarsa tana da wuya, gudun gara ne a faɗa gidan zago. A ƙasashe da yawa ba a tantance waɗannan kayan ƙarin sinadarai kafin su shiga kasuwa yadda ake tantance magani. A Amurka ma, tun dokar 1994, mai yin su ba ya buƙatar nuna cewa suna aiki kafin ya fara sayarwa. Rubutun "na ganye ne zalla" a jikin kwalba bai gaya miki komai ba game da yadda abin zai gamu da magungunan da ke cikin jininki.

Akwai wani dalilin da ya sa nake matsa miki ki je asibiti. Ina kyautata zaton janyewar maganin ce ke damunki, domin lokacin da abin ya fara ya yi daidai da lokacin da kika rage. Amma zato ne, kuma ba a duba zuciya ta wasiƙa. Bugun baligi da ke hutawa yana tsakanin 60 da 100 a minti. Abubuwa da yawa kan tura shi sama da haka: ƙarancin jini, wanda ya yawaita ga mata masu zubar da jini sosai lokacin al'ada, ciwon tayirod, zazzaɓi, rashin ruwa a jiki, juna biyu, maganin mura mai pseudoephedrine, maganin asma na shaƙa irin salbutamol, da kuma matsalar tsarin bugun zuciyar kanta. Ana iya samun biyu a lokaci guda. Gwajin ECG ba ya cin minti goma, ba allura ba ciwo, wayoyi ne ake mannawa a ƙirji da hannu da ƙafa. Shi zai nuna ko zuciyar tana sauri ne bisa tsarinta na asali, wanda shi aka fi gani a janyewar magani, ko kuwa tsarin ne ya karkace. Sai gwajin jini na yawan jini, da tayirod, da ƙoda, da fotasiyam da magnesiyam. Daga nan ne tambayarki ta "wanne zan sha" za ta samu amsar gaskiya.

Batun kunya kuma. Na fahimce ki, amma ki sani ba ke ce ta farko da ta rage magani a ɓoye ba, kuma likitan da ya san aikinsa ya sha jin irin wannan. Ba sai kin yi dogon bayani ba. Ki ce masa: "Likita, na ji tsoron maganin nan, na rage da kaina daga biyu zuwa rabi cikin kwana goma, ga abin da nake ji. Ina so in daina, amma ina so ka tsara mini yadda zan yi." Ki faɗi adadin daidai yadda yake, kada ki ƙawata, domin a kansa zai gina lissafinsa. Ki zuba kwalaben nan huɗu a jaka ki tafi da su, tare da kwalin alprazolam da na lisinopril, ya gani da idonsa. In kuma aka yi rashin sa'a ya ce miki "kawai ki daina, ba komai", ki nemi a haɗa ki da likitan ƙwaƙwalwa, domin su suka fi sanin wannan aiki.

Wataƙila ya mayar da ke kan adadin da ya fi na yanzu, ki zauna a kai har jikinki ya natsu, sannan a fara saukowa a hankali. Kada ki ɗauki wannan a matsayin koma baya, kuma kada ki zaɓi adadin da kanki. Wataƙila kuma ya sauya miki zuwa diazepam, wanda yake daɗewa a jiki kwanaki, don haka ba ya yin hawa da faɗuwa tsakanin ƙwaya da ƙwaya, kuma ya fi sauƙin ragewa kaɗan-kaɗan. Farfesa Heather Ashton, wadda ta yi shekaru tana kula da masu barin irin waɗannan magunguna a Newcastle ta Ingila, ita ta shahara da wannan hanya, kuma abin da ta fi nanatawa shi ne a bar majinyaci ya sauko gwargwadon yadda jikinsa zai ɗauka, ko da zai ci watanni. Matakan ƙarshe su suka fi wuya, shi ya sa ake ƙara ƙanƙanta ragin yayin da ake kusantar ƙarshe. Idan bugun ya ci gaba da hana ki sakat, akwai magani na gaske da likita kan bayar na ɗan lokaci, kamar propranolol. Shi ma ba na aro daga hannun wani ba ne: bai dace da mai asma ba, sai an duba shi tare da maganin hawan jininki, ba ya hana jijjiga, kuma shi kansa ba a yanke shi kwatsam.

Kafin ki ga likita, da ma bayan nan, akwai abin da ke hannunki. Ki rage kofi da shayi mai ƙarfi, ki bar lemon ƙara kuzari, ki duba jikin duk maganin mura ko na rage ƙiba kafin ki sha. Ki sha ruwa isasshe, kada ki zauna da yunwa. Kada ki nemi barci da barasa ko maganin tari mai kodin, kuma ki nisanci tramadol, domin shi kansa yana sauƙaƙa faruwar jijjiga. Idan bugun ya taso, ki zauna ki jingina, ki ja numfashi ta hanci kina ƙirga huɗu, ki sake shi a hankali ta baki kina ƙirga shida, ki yi ta haka minti biyar. Dogon sakin numfashi yana motsa jijiyar da ke rage wa zuciya gudu. Ba zai warkar da janyewar ba, amma yakan sassauta sa'ar da ta yi tsanani.

Na'urar nan kuma ki rage yawan ɗaura ta. Mai auna kansa sau ashirin a rana yakan firgita da lambar, firgicin ya ƙara lambar. Sau biyu ya isa, safe da yamma, bayan kin zauna shiru minti biyar. Ki samu takarda ki rubuta lokaci, da bugun, da awon jinin, da lokacin da kika sha maganin. Ki kuma ɗora yatsu biyu a wuyan hannunki ta gefen babban yatsa, ki ƙirga na daƙiƙa 30 ki ninka biyu, kina lura ko bugun yana tafiya daidai ko yana tsallake. Wannan takarda za ta yi wa likita amfani ƙwarai, musamman idan ta nuna bugun yana tashi ne duk lokacin da maganin ya kusa ƙarewa a jikinki.

Akwai alamomin da ba a jiran gobe da su. Idan kika ji ciwo ko nauyi a ƙirji, ko numfashi ya yi miki wuya, ko kika suma ko kika ji kamar za ki suma, ko bugun ya rikice yana tsalle-tsalle, ko ya haura 130 kina zaune ya ƙi sauka, ko jikinki ya fara fizga, ko kika rikice kina gani ko jin abin da babu shi, to a kai ki sashen gaggawa nan take, ko da tsakar dare ne, kuma kada ki tuƙa kanki. Haka nan idan tunanin cutar da kanki ya zo miki, domin janyewar irin wannan magani takan jefa wasu cikin ƙunci mai nauyi. Ki faɗa wa wani babba a gidanku halin da kike ciki yau ɗin nan, ya san sunan maganin da yadda kika rage, kuma a 'yan kwanakin nan kada ki kwana ke kaɗai.

Abu na ƙarshe da nake so ki ɗaga wa likitan shi ne dalilin da ya sa aka fara ba ki maganin. Rashin uwa ba ƙaramin abu ba ne, kuma yayin da maganin ke raguwa, damuwar da rashin barcin suna iya leƙowa. Akwai jinya ta tattaunawa da ƙwararru kan halayyar ɗan Adam suke yi don rashin barci da fargaba, kuma an ga tana taimaka wa masu rage waɗannan magunguna su kai ƙarshe. Ki tambaye shi inda za ki same ta, a haɗa ta da tsarin ragewar tun daga farko. Idan kin dawo daga asibiti ki rubuto mini abin da gwajin ya nuna da tsarin da aka ba ki. Allah ya ba ki lafiya.